Yadda Ake Sa wa Yaro Son Karatu Tun Yana Kan Cinya

Idan ka ji uwa ko uba a Gwantu suna kukan cewa yaron nan ba ya son littafi ko kaɗan, yawanci yaron ya riga ya kai aji 4 ko 5 na firamare, kuma maganin da ake nema bai wuce malamin darasin yamma ko bulala ba. To amma a ina yaron ya fara haɗuwa da littafi? A aji ne, ranar da aka kai shi yana kuka, a hannun mutumin da bai sani ba, cikin harshen da ba ya ji, ga tsumagiya a kan tebur. Wanda ya san littafi ta wannan hanya, in ya guje shi bai yi laifi ba. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaici, kusan yara 7 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su gane abin da ya ce, alhali da yawansu suna zuwa makaranta. Wannan jagora ta shafi shekarun da ke kafin shiga makaranta, daga haihuwa zuwa shekara 6 ko 7. Kayan aikinta kwali ne, da zare da allura, da minti 10 zuwa 15 a rana, da babban da zai zauna.

Da wane harshe?

Wannan ita ce tambayar farko a yankinmu, kuma tana da nauyi, domin yaron Ƙaramar Hukumar Sanga ba kamar na cikin birnin Kano ba ne. A gida yana jin Numana, ko Ninzo, ko Mada, ko Ayu, ko Fulatanci. A kasuwa da majami'a da masallaci Hausa ce. A makaranta Turanci. Iyaye da yawa suna tsoron kada harshen gida ya tare wa Turanci hanya, sai su daina yi wa yaro magana da shi, su koma wani guntun Turanci da su kansu ba su sake da shi ba. Abin da ke biyo baya shi ne yaron da ba a taɓa ba shi dogon labari da kowane harshe ba, sai dai umarni: zo, tafi, zauna, bari.

An gwada wannan magana a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara 6, Turanci kuwa darasi ɗaya ne cikin darussa. Da aka auna, yaran ba su gaza ba a Turancin, a wasu fannonin ma sun zarce waɗanda aka koyar da Turanci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iya karatu sau ɗaya ake koyonsa, kuma ya fi saurin zama a harshen da yaro ya riga ya ji. In ya zauna, sai ya ɗauke shi ya shiga da shi wani harshen.

Saboda haka ku karanta wa yaro da harshen da yake dariya da rigima da shi. In littafin da ke hannu na Turanci ne, ku dubi hoton ku ba da labarin da Ninzo ko da Hausa. Ba wanda zai kama ku.

Daga goyo zuwa cinya

Jaririn da bai kai shekara ba bai san littafi ba, amma ya san murya. Aikin wannan lokaci magana ne kawai. Lokacin wanka, lokacin shafa mai, lokacin da yake goye kina yanka kuɓewa, ki riƙa faɗa masa abin da kike yi. Ki dakata ya yi gwarancinsa, sannan ki amsa kamar ya faɗi wata babbar magana. Waƙoƙin reno na harshenku su ma suna cikin aikin. Daga wajen wata 6, in ya fara zama, a miƙa masa littafin kwali mai kauri. Baki zai kai shi. A bar shi, muddin kwalin mai tsabta ne kuma babu fil ko waya a jiki.

Ainihin aikin yana farawa ne daga shekara 1 da rabi zuwa 4, kuma yadda ake zama ya fi littafin kansa muhimmanci. Ki ɗora yaron a cinya, bayansa a ƙirjinki, littafin a gabanku, yadda idonsa da naki za su sauka a wuri ɗaya. Kada ki kama karatu daga farko zuwa ƙarshe kamar mai karanta sanarwa. Ga shafi mai hoton akuya a bakin gona, rubutunsa bai fi kalma 5 ba:

"Wace ce wannan?"

"Akuya."

"Akuya ce kuwa. Da ta wa ta yi kama?"

"Ta Kaka."

"Ta Kaka mai cin shanya? To ita wannan me take ci?"

"Masara!"

"Kai! Ko mai gonar ya gan ta?"

"Mama, zai dake ta?"

"Oho. Buɗe mana mu gani."

A wannan 'yar hira an yi abubuwa da dama ba tare da yaron ya san darasi ake yi ba. An tambaye shi ya amsa, an ƙara masa kalma a kan wadda ya kawo, an haɗa hoton da akuyar da ya sani a gidansu, an sa shi ya yi hasashen abin da ke gaba, kuma shi ya juya shafin da hannunsa. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Yaron da ake bari ya riƙe littafi ya juya shafi yana ɗaukar littafin nasa ne. Wanda kullum ake buge masa hannu ana cewa zai yaga, ya gane saƙon, kuma zai riƙe shi har girma.

Zai nemi littafi ɗaya yau, gobe, jibi, har ki haddace shi ki gaji da ganinsa. Ki daure. A maimaitawar ne yake kama kalmomi da jerin labari. In ya san labarin sosai, ki yi kuskure da gangan, ki nuna akuyar ki ce kare. Ihun da zai yi yana gyara ki shi ne alamar abin ya shiga. Daga wajen shekara 3 ki fara bin layin da yatsa yayin da kike karantawa, ba tare da wani bayani ba. Da kansa zai lura cewa maganar daga waɗannan baƙaƙen zane take fitowa, kuma daga hagu take tafiya zuwa dama.

A sa wa abin lokacinsa, kamar bayan tuwon dare kafin barci, ko da da fitilar sola ce ko tocilan. Da damina, in an dawo daga gona a gajiye, shafi 2 ma ya isa, in dai ba a tsallake ranar ba. Kuma a rufe littafin tun yaron yana son ƙari, kada a jira sai ya fara zamewa daga cinya.

Littafin da ake ɗinkawa a gida

Littafin yara mai launi yana da tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Amma littafin da ɗan shekara 2 ya fi so ba a sayar da shi a kowane shago, domin labarin kansa ne. Ga yadda ake yi.

A karɓo kwalin taliya ko na sabulu a shago, a yanka shi gida 5 ko 6 daidai wa daida, kowane ya ɗan ɗara tafin hannun babba. A manna farar takarda a kowace fuska. Bayan fastocin 'yan siyasa da suka rage bayan zaɓe fari ne tas, takardar kuma mai ƙwari, ko ba komai an ci wata moriyarsu. Da gam na shago za a manna, ban da kullun rogo, domin shi gayyatar gara da kyankyasai ne. Hotuna kuwa a yanko daga tsohuwar kalanda, ko kwalayen kaya, ko a zana da biro. Kada rashin iya zane ya hana kowa. In aka ce wa yaro wannan kaza ce, ya yarda.

Kowane shafi hoto ɗaya, da kalma ɗaya ko gajeriyar jimla a ƙasa, da manyan rubutu amma ƙananan haruffa, domin su ne zai fi gani a littattafai nan gaba. Shafin farko sunan yaron. Sai Mama, Baba, Kaka, kazar gidan, babur ɗin Kawu, rijiya ko famfon da ake ɗebo ruwa, tulin doya. A huda gefe wuri 3 da ƙusa ko basilla, a ɗinke da zaren buhu, a ɗan sassauta ɗinkin yadda shafi zai juyu. In akwai salatif mai faɗi a lulluɓe shafukan, sai ya jure yawu da hannun manja.

Ana iya sa harshe biyu a shafi ɗaya, na gida a sama, Hausa a ƙasa. Wanda yake jin harshensa amma bai saba rubuta shi ba ya nemi masu karanta shi a majami'a ko dattawan da suka yi aikin fassara. Cibiyar Nigeria Bible Translation Trust da ke Jos ta daɗe tana aikin tsara rubutun ƙananan harsunan tsakiyar Nijeriya, don haka kada a ɗauka cewa sai Hausa da Turanci ne kaɗai ke hawa takarda.

Ajiya ma sai an kula. Daminarmu doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, ga danshi ga gara ga ɓera. Bokitin roba mai murfi ya fi kwali ko kanta. Sai dai a ajiye shi ƙasa inda hannun yaro zai kai. Littafin da aka kulle a akwati tare da takardun fili da na makaranta ya tsira daga gara, amma ba shi da amfani ga kowa.

Na saye kuma fa? Mai zuwa Kafanchan ko Akwanga ko Jos ya duba masu sayar da littattafai, har da na gwanjo, da shagon Challenge na ECWA a Jos. A zaɓi mai manyan hotuna da rubutu kaɗan, wanda ke da labari a ciki, ba jerin haruffa da hoton tuffa da jirgin ruwa kawai ba. Na Hausa akwai tsofaffin da har yanzu ba su tsufa ba: Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi na 1 zuwa na 6, waɗanda suka fito a farkon shekarun 1970. Akwai kuma Mu Karanta, da aka shirya wa 'yan firamare 1 zuwa 3 a jihohin Bauchi da Sakkwato. Mai babbar waya ya nemi African Storybook a intanet, wani shiri da aka ƙaddamar a 2014 daga Afirka ta Kudu, inda ake samun labaran yara masu hoto kyauta, har da na Hausa. Gara a sauke a kai shagon kwamfuta a buga a takarda a ɗinke, da a miƙa wa yaro wayar.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, ba na ɗan shekara 3 ba ne. A jira ya kai 6 ko 7, babba ya karanta masa, yana taƙaita inda ya yi tsawo ko ya yi nauyi. A kuma ari dabarar akun da ke cikin littafin, wanda ya riƙe ɗan sarki Musa a gida da labari dare bayan dare. A kuma tsaya inda labari ya yi daɗi, a ce sai gobe.

Haruffa, ba gaggawa

Yaro ya iya rera haruffan Turanci daga farko har ƙarshe ba karatu ba ne, waƙa ce. Abin da ke buɗe karatu shi ne ya gane cewa kowane harafi yana da sautinsa, kuma sauti da sauti suna haɗuwa su ba da kalma. A nan Hausa ta yi mana gata, domin galibi abin da aka rubuta shi ake furtawa.

Daga shekara 4 a fara da wasan baki, ba takarda. Kawo mini abin da ya fara da "m" a gidan nan: masara, mai, murhu, Mama. A tafa hannu a kan gaɓoɓin kalma, kamar ta-bar-ma, tafi 3. Harafin farko da za a nuna masa shi ne na farkon sunansa. Sai wasula 5: a, e, i, o, u. Sai baƙaƙe kaɗan kaɗan, b, k, m, t, s, ana haɗa su da wasulan: ba, bi, bu, ka, ki, ku. Ranar da ya haɗa ka da ka ya ji bakinsa ya ce Kaka, a bar shi ya ruga ya nuna mata. Rubutu kuwa a ƙasa ake farawa, da tsinke ko yatsa, sai gawayi a kan kwali, ko a murza laka a yi siffar harafi. Fensir da layin littafi su biyo baya in yatsu sun yi ƙwari.

Da yawa daga masu Hausar kudancin Kaduna ba sa bambanta k da ƙ a baki. Kada a tsangwami yaro a kan wannan. A nuna masa lanƙwasar a rubuce, tare da ɓ da ɗ, ya san haruffa ne dabam. Yaron da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya kuma a gaya masa ƙarara cewa rubutun allo daga dama yake tashi, na boko daga hagu. Yara suna riƙe biyun ba wuya in an faɗa musu.

Daga nan gari duka ya zama abin karantawa: buhun taki, gwangwanin madara, allon shagon tela, da rubutun jikin manyan motocin da ke ratsa Gwantu a hanyar Jos zuwa Akwanga. A tsaya a tambaye shi ko ya ga harafin sunansa.

Wanda bai yi boko ba, da wanda ba ya gida

Uwar da ba ta iya karatu ba tana iya yin kusan duk abin da aka ambata, domin hoto ba ya bukatar boko. Kuma a gidan da ke da Kaka mai tatsuniya, akwai abin da ya fi littafin saye. A sa yayan yaron, ɗan firamare 5 ko 6, ya zauna da takarda yayin da Kaka ke ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, ko wanda ta gada a harshenta, ya rubuta shi a gajarce. Gobe ya karanta mata a gaban ƙaramin. Za ta ce ba haka na faɗa ba, a gyara, a yi dariya. Ƙaramin yana kallo ya ga maganar Kaka ta shiga takarda, ta kwana, ta sake fitowa. Babu malamin da zai iya bayyana masa amfanin rubutu fiye da haka, kuma yayan ma ya samu nasa darasin.

Kai kuma maigida, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Yaro yana lura da abin da babansa ke riƙewa. A gidajen Kirista da yawa akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala fassararsa tun 1932, da Littafin Waƙoƙi. A gidajen Musulmi akwai Alƙur'ani da littattafan addini. In kana karantawa, ka bar shi ya raɓe ka ya ga yatsanka a kan layi. In aiki ya kai ka Kaduna ko Abuja, tsarabar ƙaramin littafi ta fi ta biskit daɗewa.

Waya ita ce babbar kishiyar wannan aiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana, ta ce lokacin zama gara a cika shi da karatu da labari tare da babba. Wayar da ta fi ɓarna sau da yawa ba ta hannun yaron ba ce, ta hannun babban ce.

Kada a haɗa littafi da duka, kuma kada a mai da shi horo, a ce tunda ka yi laifi je ka ɗauki littafinka. Kada a gwada shi da ɗan maƙwabta. Wani yaron yana haɗa gaɓoɓi a shekara 5, wani sai 7, duka lafiya. Makarantar nazare da ke ba ɗan shekara 3 aikin gida shafi shafi kuwa, ra'ayina iyaye ta ke burgewa, ba yaron take taimako ba. Abin da ya cancanci damuwa dabam ne: jaririn da ba ya juyowa in an yi ƙara, ɗan shekara 2 da ba ya faɗin ko kalma ɗaya, kunnen da ke yawan zubar da ruwa, ko yaron da ke manna littafi a fuska yana ƙanƙance ido. Waɗannan a kai su asibiti a duba ji da gani. In kuma ya gama firamare 2 bai iya haɗa gaɓa biyu ba, a je a zauna da malaminsa tun wuri.

Gida ɗaya ba zai iya tara littattafai 30 ba, amma gida 10 za su iya in kowa ya kawo 3, na saye ko na ɗinki. Zumuntar Mata a majami'a, ko matan Islamiyya, ko ƙungiyar adashe, duk suna haɗuwa kowane mako, kuma sun saba riƙe lissafi. A samu bokiti ɗaya mai murfi, da littafin rubuta sunan mai aro, da mace ɗaya mai riƙon amana. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ke dawowa hutu za su iya taya rubutu da zane. A sa doka ɗaya tun farko: littafin da yaro ya yaga ɗinke shi za a yi, ba tara. Mai shirin zuwa taron wannan makon ta ɗauki kwali da zare ta tafi da su, ta kawo maganar kafin a tashi.